Fili Ba Gida Ba Ne: Sharhi Kan Gidajen Niamey 2000 Da Tsarin Hukumar Birnin Yamai

A ɗaya daga cikin sababbin unguwannin birnin Yamai, wadda ake kira Niamey 2000, akwai wasu gidaje shida da aka kammala a shekarar 2016, suka kuma ari sunan unguwar. Benaye ne jere da juna, bango da bango, an gina su da bulon jar ƙasa wanda ba a gasa ba. Aikin gaba ɗayansa murabba'in mita 1,700 ne. Mutum huɗu suka zana su ƙarƙashin wata haɗaka mai suna united4design: Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar, da Yasaman Esmaili ƴar Iran, da Elizabeth Golden daga Amurka, da Philip Sträter daga Jamus. A 2022 aikin ya shiga cikin guda 20 da aka tace domin kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Bai ci ba, amma hotunansa sun zaga duniya, har ina jin Turawan da suka san da gidajen nan sun fi mutanen Yamai da suka san da su yawa.

Gini ma magana ce, kamar littafi ko waƙa, ana iya zama a feɗe shi. Waɗannan gidaje shida magana ce da aka jefa wa hukumar birni, wato ma'aikatar magajin gari da mu a nan muke ce wa meri. Abin da suke faɗa shi ne, hanyar da kuke bi wajen tanadar wa mutanen gobe muhalli ba za ta kai ku ba, ga wata. Rabin farko na maganar na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A rabi na biyun ne nake da ja.

Mu fara da girman matsalar. Lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, wurin tarin ƙauyuka ne a bakin kogin Isa. A 1960, shekarar ƴancin kai, mutanen garin wajen 30,000 ne. Ƙidayar 1988 ta samu kusan 400,000, ta 2001 wajen 700,000, ta 2012 kuma ta haura miliyan 1. To mu yi lissafin ɗan tebur. Tsakanin 2001 da 2012 an samu ƙarin mutum 300,000 da ɗoriya cikin shekara 11. In muka sa mutum 6 a kowane gida, ke nan garin yana buƙatar sababbin gidaje tsakanin 4,000 da 5,000 kowace shekara. Wannan lissafina ne, kuma tsohon lissafi ne, don tun 2012 garin bai tsaya ba. Haihuwa tana nan, mutanen karkara na shigowa, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga yankin Tilaberi.

Amsar da meri ta saba bayarwa kalma ɗaya ce, lotisma. Ga ƴan uwanmu na Kano ko Kumasi da ba su saba da kalmar ba, yankan filaye ke nan. Ana zuwa gonakin da ke bakin gari, a yi magana da masu gadonsu, masu awo su zo su ja layi, su raba wurin gida-gida, su kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. Masu gona a ba su wani kaso na filayen a matsayin diyya, sauran a sayar. Wanda ya saya a ba shi takardar da ake kira akt da sesiyo. A tsofaffin unguwanni fili kan kai murabba'in mita 600, daga baya aka sauko 400, aka sauko 300, yanzu har ƙasa da haka ana samu. A kan takarda, kuɗin da aka tara daga sayarwar su ne za su share hanya, su haƙa magudanar ruwa, su jawo famfo da wuta. A kan takarda kuma, wanda ya sayi fili yana da wa'adin da zai gina shi, in bai gina ba a karɓe.

Duk wanda ya taɓa taka sabuwar lotisma ya san abin da ke faruwa a ƙasa. Turakun ne kawai ke zuwa. Hanya sai wadda tayar mota ta fitar, ruwa sai na ɗan ga-ruwa, wuta kuwa sai maƙwabta sun yi karo-karo sun sayi fal-fal ɗinsu. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Harajin gari ba ya shiga yadda ya kamata, abin da gwamnatin tsakiya ke turowa ba ya isa, saboda haka fili ya zama shi ne rumbun da meri ke ɗiba in albashi ya matso ko bashi ya taso. Ita ma gwamnatin tsakiya ta yi irin wannan a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Ma'aikacin da ya yi wata da watanni ba a biya shi ba, aka miƙa masa takardar fili a bayan gari, me ake jira ya yi da ita? Da yawa dillali suka nema. Tun daga nan fili ya ƙara tabbata a matsayin kuɗi, abin ajiya kamar zinariya ko sa, wanda ake saya a jira ya yi tsada. Da masu lotisma masu zaman kansu suka shigo harkar, abin ya tsallake iyakar birnin ya faɗa gonakin Libore da Karma da Hamdallay.

Wannan ne ya sa nake cewa kuskuren farko na hukumar birni kuskuren ƙirga ne. Tana ƙirga filaye tana kiransu muhalli. In aka tambayi jami'i me aka tanadar wa mutanen shekara 20 masu zuwa, sai ya kawo adadin filayen da aka yanka. Ba ya kawo adadin waɗanda aka gina, balle adadin waɗanda wani ke kwana a ciki. Ka zaga unguwannin gefen gari ka gani: katanga ta kewaye fili, ƙofar ƙarfe a garƙame, ciki ba komai sai ciyawa, ko kuma bukkar zana ta wani bawan Allah da aka bari yana gadi da iyalinsa. Mai filin yana da irinsa uku ko biyar. Mai gadin, wanda shi ne ainihin mai buƙatar muhalli, ranar da aka kawo yashi da tsakuwa ranar zai naɗe tabarmarsa ya nemi wani kangon.

Kuma faɗin nan da garin ke yi ba kyauta ba ne, akwai mai biya. Kowace kilomita da aka ƙara tana son bututun ruwa, da wayar wuta, da kwalta, da lakwal, da gidan likita. Tun da ba a kai su ba, sai talaka ya biya da aljihunsa da ƙafarsa. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a bayan gari ta fi mai famfo a Filato biyan kuɗin lita ɗaya. Leburan da ke aiki a Babbar Kasuwa ko Katako ya kashe wani yanki na abin da ya samu a faba-faba da kabu-kabu kafin ya iso gida. A shirin da nake gabatarwa, duk ranar da muka buɗe layi kan maganar gidaje, ba a cika bugowa ana kukan rashin fili ba. Kukan kuɗin haya ne, da na nisa, da na ruwan da ke kwanciya a ƙofar gida. Ita kuwa dajin bedi da aka fara dasawa a 1965 domin ya yi wa birnin ɗamara, ya tare ƙura da iska, mai faɗin sama da hekta 2,000, kowa ya ga yadda aka yi ta gutsurarsa har ya zama tsumma. Haka filayen da taswira ta ware wa makaranta da kasuwa da wurin wasan yara, sau nawa aka wayi gari an mayar da su gidajen kwana?

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke tona asirin kowane tsari. Wanda bai samu shiga lotisma ba, ba ya ɓacewa, gangarawa yake yi inda ƙasa ke da araha, kuma ƙasa mai araha ita ce hanyar ruwa. Akwai unguwa guda a Yamai da sunanta ma Peyi-Ba, wato ƙasa mai kwari. A damanar 2012 kogi ya cika ya shiga unguwannin Harobanda, aka kwashi wasu aka kai su Seno aka ba su filaye. Da yawa suka koma inda suka fito, don an ba su fili ne nesa da gonar shinkafarsu da kamun kifinsu da kasuwarsu. A Satumbar 2020 ruwan ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba, madatsa ta ɓalle, Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga suka sha ruwa. A 2024 kuma ruwan sama ya yanke hanyoyin shiga birnin na wasu kwanaki. Mu mutanen Maraɗi mun san wannan labari tun daga bakin kakanni. Tsohon garin a cikin fadamar Gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, sannan aka hau tudu aka ja layukan da muke gani yau. Shekara 80 ke nan, har yanzu sai ruwa ya ci gari ake tuna taswira.

To a cikin wannan hali ne gidaje shidan nan suka fito, kuma dole a yaba masu a kan abu uku da suka gani daidai.

Na farko, sun ƙi yarda cewa ci gaba shi ne kowa ya samu katafaren fili da gini a tsakiya kamar gidan kwamanda. Wannan salo gadon mulkin mallaka ne, daga lokacin da kwarin Gunti Yena ya raba unguwar Turawa da ta baƙaƙe. Masu zanen sun faɗa da bakinsu cewa sun waiwayi tsofaffin birane irin su Tambutu da Kano da Damagaram. Duk wanda ya shiga Birni ko Zango a Damagaram ya san abin da suke nufi: gidaje manne da juna, lungu siriri da inuwa ke kwana a cikinsa, soro a kan soro, mutane da yawa a ƙasa kaɗan, kuma ba wanda ke ganin tsakar gidan wani. Cunkoso ne, amma mai tsari da mutunci. Gidajen Niamey 2000 sun ɗauki wannan, suka hau sama hawa ɗaya maimakon su bazu, suka bar wa kowane iyali tsakar gidansa da wurin shan iska a sama.

Na biyu shi ne ƙasa. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi yi wa aikin gurguwar fahimta. A garuruwanmu an raba gini aji uku, kuma kowa ya san darajar kowane aji: banko na talaka, sami-dur na mai ƙoƙari, dur na wanda ya isa. Mutum ya tara kuɗin shekara goma ya gina ɗakin bulon siminti mai rami a ciki, ya rufa kwano, sannan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya kasa zama a ciki da rana. In yana da hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin wuta su cinye shi, in NIGELEC ta ɗauke wuta ya fito waje da tabarma kamar kowa. Bulon da aka yi amfani da shi a waɗannan gidaje jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a haɗa da ɗan siminti kaɗan, a zuba a inji ya matse ta sosai, a bar ta ta bushe ba tare da wuta ba. Bango mai kauri na irin wannan bulo yana shan zafin rana sannu a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta yi sanyi. Da dare yakan saki abin da ya sha, shi ya sa wurin kwana na sama ba ado ba ne, ɓangare ne na lissafin, kamar yadda iyayenmu ke hawa soro ko su fito tsakar gida da bazara. Ƙasar a nan take, magina a nan suke. Siminti kuwa, duk da masana'antar Malbaza, farashinsa na hawa da sauka da abin da ke faruwa a kan iyaka da tashar jiragen ruwa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Nijar. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya ci ita wannan kyauta ta Aga Khan tun 1986. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ƙarni bayan ƙarni. Tun 1980 aka fara koya wa magina a Cikal, wajen Filinge, yadda ake rufin ƙasa ba tare da azara ko itace ba. Ita kanta Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun koma Dandaji sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Za a ce mini, ai mun ga tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a damanar 2024, mun ga dubban gidajen banko sun narke. Gaskiya ne, kuma abin ya yi ciwo. Amma maginin gargajiya zai gaya maka ginin ƙasa wuri biyu yake tsoro, kansa da ƙafarsa. In indararo na zubar da ruwa nesa da bango, ana yaɓe a kan kari, kuma ruwa ba ya kwanciya a gindin gini, zai daɗe. Na ukun nan kuwa, wato ruwan da ke kwanciya a lungu, ba aikin mai gida ba ne. Aikin meri ne.

Na uku da suka gani daidai shi ne, ba a sauya ra'ayin mutane da lacca. Gani ya kori ji. Muddin laka tana nufin talauci a idon jama'a, ba wanda zai gina da ita da son ransa. Sai an ga mai mota da albashi yana zaune a gidan ƙasa yana alfahari da shi, sannan na ƙasa da shi zai daina jin kunya. Don haka da gangan aka nufi masu matsakaicin hali da gidajen. Na fahimci dabarar.

Amma daga nan ne nake rabuwa da masu yabon aikin ba ƙaƙƙautawa, musamman na ƙetare da ke rubuta cewa ga maganin matsalar gidaje a Yamai. Gida shida ne. Ka ajiye su kusa da 4,000 ko 5,000 na kowace shekara. Za a ce samfuri ne, an yi ne don a kwaikwaya. To shekaru sun shuɗe tun 2016, ina unguwar da aka gina a kan samfurin? In samfuri ya yi kyau haka amma bai haihu ba, sai a tambayi dalili, kuma dalilin ba a cikin bulon yake ba.

Dalili na farko shi ne yadda mutanenmu ke gina gida. Ba a cika samun wanda ke sayen gida gamamme ba. Mutum yakan sayi fili bana, baɗi ya kewaye, ya yi ɗaki biyu ya shiga, in ya ɗauki adashi ya ƙara ɗaya, in ɗan uwa ya aiko daga Libiya ko Abijan ya zuba dakali. Gida yana girma ne tare da aljihu. Bene mai bango ɗaya da na maƙwabci kuwa sai an gina shi gaba ɗaya, lokaci ɗaya, da kuɗi a dunƙule. Wannan sai kamfani, ko bashin banki. An buɗe bankin gidaje na ƙasa a 2018, amma banki takardar albashi yake tambaya, kuma mafi yawan mutanen Yamai ba su da ita. Mai sayar da kayan miya a Wadata, da tela, da ɗan kabu-kabu, da mai wankin mota, ko cinikinsu ya fi albashin malamin lakwal, ba su da abin da za su ajiye a teburin manaja. Haka aka yi da rukunonin gidajen da SONUCI da makamantanta suka gina tun shekarun 1960, ma'aikata suka shiga, saura suka kalla daga nesa.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. An zana gidajen ne don iyali ɗaya, kuma zanen ya ɗauka iyalin ya san iyakarsa. Gidanmu kuwa bai san iyakarsa ba. Yau mutum da matarsa da yara uku, gobe an kawo tsohuwa daga ƙauye, jibi ƙane ya zo karatu jami'a, bayan shekara biyu an ƙara aure, kuma kowace mace da ɗakinta da ranar girkinta. Ɗa ya isa aure a yanka masa gefe. Uwargida tana tuyar ƙosai ko dakan fura na sayarwa, tana son wurin murhu da turmi da inda yara masu saye za su tsaya ba su ratsa cikin gida ba. Ga tunkiyar da ake kiwo don layya. Tsohon gidan Bahaushe ya iya ɗaukar wannan duka don zaure ya tsare baƙo a waje, tsakar gida kuma tana da sarari da za a ci a hankali. Masu zanen sun ɗauko kamannin tsohon birni da inuwarsa da sirrinsa, amma wannan hali na gida mai miƙewa kamar roba, shi ne ban gani sun ɗauko ba. A gamammen bene, ina za a ƙara ɗakin?

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma a nan masu zane da hukumar birni laifinsu ɗaya. Duka biyun mai gida suke gani a mafarkinsu. Meri tana yanka fili don mai gida, masu zane suna zana bene don mai gida. Alhali babban ɓangare na mutanen Yamai ƴan haya ne, kuma matasan da za su yi aure cikin shekara 10 masu zuwa a haya za su fara, da yawansu a haya za su tsufa. Ainihin gidan Yamai shi ne dogon gidan haya, ɗakuna jere hagu da dama, antire-kushe ko shambur-salo, iyali takwas ko goma a tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, famfo ɗaya in an yi sa'a, mita ɗaya da ake rigima a kanta kowane ƙarshen wata. Wannan gida shi ke ɗauke da garin. Ya riga ya cika sharaɗin cunkoson da masu zane ke wa'azi a kansa, har ya wuce. Abin da ya rasa shi ne iska, da inuwa, da makewayi isasshe, da sirri. Ba wanda ya zana shi, birkila ne da mai gida suka tsaya suka ja layi da ƙafa. Ba kuma hoton da za a ɗauka a cikinsa ya ci kyauta.

Ba ina cewa masu zanen Niamey 2000 sun yi laifi da suka gina abin da suka gina ba. Mai zane yana aiki ne da filin da aka ba shi da kuɗin wanda ya ɗauke shi aiki. Abin da nake cewa shi ne, sassan maganarsu da za su amfani mutum dubu ɗari ba a hannunsu suke ba, a teburin hukumar birni suke, kuma yawancinsu ba sa son kuɗi mai yawa. Hukuma ce ke iya cewa ba za a sayar da fili ko ɗaya a sabuwar lotisma ba sai an share hanya an haƙa magudana. Ita ke iya fitar da taswirar inda ruwa ke bi, ta manna a kowace unguwa, ta karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, don kada wani ya sake sayen kwari da rani. Ita ke iya ɗora haraji mai nauyi a kan kangon da ya shekara goma a garƙame cikin gari, har mai shi ya gina ko ya sayar. Ita ke iya gina ajin lakwal da ɗakin haihuwa da ofishin unguwa da bulon ƙasa, magina su koya a kan aikinta, masu injin matsa bulo su samu kasuwar da za ta riƙe su. Ita ke iya kiran masu zane irin su Mariam Kamara ta ce, ga fili mai mita 400, ku zana mana gidan haya na iyali shida, da makewayin kowa, da inda za a ɗora bene in hali ya samu, mu raba zanen kyauta ga duk mai neman izinin gini.

Me ya hana? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin kujerar kanta. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 da fatan mulki ya sauko kusa da jama'a. Amma a Yamai an tsige magajin gari Oumarou Dogari a 2013, an tsige Assane Seydou a 2017 aka kuma rusa majalisar birnin, sannan a Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rusa majalisun ƙasar baki ɗaya suka naɗa kantomomi. Ba shari'ar kowane ɗayansu nake yi ba. Abin lura shi ne, tsarin muhalli aikin shekara 20 ne, magudanar da aka haƙa yau wani ne zai ci yabonta, filin da aka sayar yau kuwa kuɗinsa yau za su shigo. Wanda bai da tabbacin kaiwa baɗi a kujera, an san wanda zai zaɓa. Ko shirin Niamey Nyala da aka fara a zamanin Mahamadou Issoufou, wanda ya kawo gadoji da manyan tituna da otal-otal na taron Tarayyar Afirka na 2019, fuskar garin ya wanke. Baƙon da ya sauka filin jirgi ya ga sauyi. Ɗan haya a Talaje ko Bukoki, abin da ya gani shi ne ƙarin kuɗin ɗaki.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu, mu masu riƙe da makirfo da alƙalami. In hukuma ta kira mu bikin raba takardun filaye, mukan je mu ɗauko adadi mu karanta a labaran ƙarfe takwas. Tambayoyin da suka kamata ba su da wuya: a lotismar da aka yanka shekara biyar da suka wuce, fili nawa aka gina? Kuɗin da aka tara, nawa aka kashe a magudana? Filin da taswira ta ce na makaranta ne, yana nan? Kowace lotisma tana da taswira mai lamba, kowane fili yana da lambarsa, ana iya ɗaukar takardar a hau babur a je a ƙirga. Damagaram da Maraɗi da Tawa duk suna kan wannan hanya ta Yamai, gonakin gero na gefensu ana ta kafa masu turaku, kuma su har yanzu tsofaffin unguwanninsu na ƙasa suna tsaye, da maginan da suka gaji aikin suna raye, ana iya zuwa a tambaye su kaurin bango da faɗin lungu kafin a ja layi na gaba.